KASONKA NAKA NE, BANGON FA?

Gidan gado, musamman na bene, nan ake gane masu haƙuri a dangi. An yi rabo, kowa ya san ɗakunansa, amma fa rabon bai tsaga ginshiƙi biyu ba, bai raba matakala ba, balle shadda da magudanar ruwa. To a nan rigimar take kwance.

Mu namu a Fagge yake, mu bakwai muka gada. Yayanmu da ƙasa ta faɗo a kasonsa ya tashi zai fasa bangon gaba ya fitar da shaguna biyu, tunda bakin titi ne. Ni da ƙanwata muke da sama, kuma wannan bangon shi ke ɗauke da ɗakunanmu. Babu wanda ya tuntuɓe mu, wai ai muna gidan miji. 'Yar hayarmu ce ta aiko cewa an sauke yashi da bulo.

Na je na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Yaya, ashe aiki za a yi?"

Ya ce, "Ke kuma mene ne naki? Ƙasa ai tawa ce."

Na ce, "Haka ne Yaya, Allah Ya huci zuciyarka. Amma saman a kan me take zaune?"

'Yar'uwa mai karatu, wannan magana ba yau aka fara ta ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 996 Miladiyya, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta yi bayaninta. Gyaran ƙasa yana kan mai ƙasa, har da itatuwan rufin da saman ke kai. In ƙasa ta yi rauni shi zai tokare saman har ya gyara, in ya ƙi a tilasta shi ya gyara ko ya sayar wa mai gyarawa. Ta hana buɗe tagar da za ta leƙa maƙwabci, da haƙa ramin da zai cutar da shi. Wanda aka ɗora wa tokare sama, ta yaya zai zare abin da ke riƙe da ita?

Kawunmu ya tara mu, aka kira injiniya ya duba, aka nemi izinin KNUPDA. Shago ɗaya aka yi, da ginshiƙai biyu na kankare. Na dage sai an rubuta, kowa ya sa hannu har mu mata, domin maganar baka tare da mai ita ake binne ta.

Kada kuma na sama ya ɗauka shi ya tsira. Abin da ake yayi yanzu kowa ya sa banɗaki a ɗakinsa, a dasa tankin ruwa a kan rufi. Tanki mai lita 1,000 in ya cika tan guda ne cur, a kan ginin da tun asali ba a yi shi don haka ba. Famfo kuwa in ya fara tsiyaya, mai shi ba ya gani. Na ƙasa ne zai wayi gari silin ɗinsa ya yi taswira, katifar 'ya'yansa sharkaf.