Titin Orange na Kingiston, inda kiɗan ska ya yi wayo

Duk wanda ya taɓa zaman fada a Maraɗi ko Damagaram, shayi bisa wuta kiɗa na tashi, ya san sunan Jamaika. Ya san Bob Marley, ya san Jimmy Cliff, wani ma yana rera waƙoƙinsu alhali ba ya jin Ingilishi ko kaɗan. Amma ƙalilan ne cikinmu sunka san cewa rege yana da kaka, sunansa ska, kuma kakan nan yana da unguwa da titi har da lambar gida. Titin shi ne Orange Street, cikin tsohon garin Kingiston, babban birnin tsibirin.

Wanga titi yana tasowa daga bakin teku, dab da gidan adana zane-zane na ƙasa, ya miƙe arewa, ya bi ta gefen babban dandalin da ake ce ma Parade. Na taka shi da ƙafa, tafiyar ba ta kai sa'a guda ba. Wajen dandalin sai da turereniya: mata masu kasa kaya a ƙasa, samari masu turin amalanken katako, motocin haya na kiran fasinja. Da an wuce nan hayaniyar ta ragu, sai tsofaffin benaye masu koɗaɗɗen fenti, wasu ba rufi. Tun shekarun 1960 bankuna da manyan kamfanoni sunka soma ƙaura zuwa sabuwar unguwar New Kingston, rikicin ƴan bangar siyasa na shekarun 1970 kuma ya kori sauran. Baƙon da ba a gaya ma ba, ba zai taɓa zaton daga nan ne kiɗa ya tashi ya game duniya ba.

A wanga titi anka haifi Cecil Bustamente Campbell ranar 24 ga watan Mayu 1938. Sunansa na tsakiya na Alexander Bustamante ne, jagoran ƴan ƙwadago wanda ya zama firaministan farko da Jamaika ta samu ƴancin kai a 1962. Duniya kuwa da Prince Buster ta san shi. Da dambe ya fara, kuma damben ne ya shigar da shi sana'ar kiɗa.

Ga yadda abin yake. A shekarun 1950 talakan Kingiston ba shi da kuɗin shiga gidan rawar masu hali, ba shi da garmaho. Sai wasu ƴan kasuwa sunka riƙa loda manyan amsa-kuwwa cikin mota, su kafa su a fili, su saka faya-fayan baƙaƙen Amurka, a biya kuɗin ƙofa, a sayi abinci da abin sha, a yi rawa har asuba. Manyansu biyu ne: Clement Dodd, wanda ake kira Coxsone, da Duke Reid, tsohon ɗan sanda mai yawo da bindiga. Gasar ta yi zafi har mutum kan kankare sunan waƙa daga jikin faifai don kada abokin gaba ya gane ta ya nemo irinta, wani lokaci kuma a turo ƴan iska su watsa taro. Dodd na bukatar mai ƙarfin damtse wanda kuma ke da kunne, sai ya ɗauki Buster. Bai daɗe ba yaron ya ɓalle ya kafa nasa kayan kiɗa, ya raɗa musu suna Voice of the People, wato muryar jama'a.

Sa'an nan ne rijiyar ta fara ƙafewa. Amurka ta juya ga wani sabon salo, irin faya-fayan da ƴan Kingiston ke so sunka yi wuya. Dole masu amsa-kuwwa su tara makaɗan gida su buga nasu. Cikin wannan kwaikwayo ne abin ya sauya kama: maimakon gita da piyano su faɗi tare da bugun ganga, sai su faɗi a tsakanin bugu da bugu, kamar mai daka ta biyu da ke sakin taɓaryarta sa'ad da ta farko ta ɗaga tata. Masu busa kuma su bi bayansu. Wannan tsalle shi ne ska. Mutane da yawa sun yi da'awar su ne sunka fara shi, kuma ba na jin gardamar za ta ƙare. Abin da ba a musu shi ne Buster na cikin sahun gaba.

Abin da ya fi burge ni gare shi, wanda ya yi ne a 1960. Ya samu wasu ƴan'uwa uku, Folkes Brothers, da waƙarsu Oh Carolina, sai ya tafi gabashin gari ya ɗauko Count Ossie da makaɗansa ƴan Rasta, masu ganguna uku da sunka gada daga kiɗan burru na zamanin bauta. Mai karatu ya tuna matsayin ɗan Rasta a lokacin: ba a ɗaukar shi aiki, ana yi masa kallon mahaukaci, kuma a 1963, bayan tashin hankalin Coral Gardens, ƴan sanda sun yi ta kama su suna aske musu gashi da ƙarfi, abin da gwamnati ba ta nemi gafara a kai ba sai 2017. Shigar da gangar irin waɗannan mutane cikin faifan sayarwa kasada ce. Faifan ya karɓu. Oh Carolina ba ska ba ce sosai tukuna, amma daga ranar nan gangar Afirka ta samu wurin zama cikin kiɗan Jamaika, kuma ita ce kunnenmu ke ganewa in rege ya tashi.

Kantinsa yana lamba 127. Ƴan ƙofofi gaba akwai Beverley's, shagon Leslie Kong, ɗan asalin Sin mai sayar da kayan sanyi da faya-fayai, wanda ya buga faifan farko na Bob Marley a 1962. Maƙwabtakar ba ta yi daɗi ba. Da mawaƙi Derrick Morgan ya koma wajen Kong, Buster ya zarge shi da kwashe masa salo, sunka yi ta jifan juna da habaici cikin waƙa, har magoya bayansu sunka fara ba hammata iska a wuraren rawa. A 1964 ya haɗu da Muhammad Ali, ya shiga ƙungiyar Nation of Islam, ya ɗauki sunan Muhammad Yusef Ali.

A Ingila ne sunansa ya fi daɗewa. Kamfanin Blue Beat na Landan ya riƙa buga faya-fayansa domin ƴan ci-ranin Jamaika, sai ƴaƴan Turawa ma'aikata sunka kama. Waƙarsa Al Capone ta shiga ashirin na farko a jerin waƙoƙin Ingila a 1967. Shekara goma sha biyu bayan haka, lokacin da masu ƙyamar baƙi ke maci a tituna, wasu samarin Coventry, fari da baƙi a ƙungiya guda, The Specials, sunka gina waƙarsu ta farko bisa Al Capone. Wata ƙungiyar Landan kuwa sunan waƙarsa ta ɗauka, Madness, faifanta na farko yabonsa ne, na biyu kuma kiɗansa ne, One Step Beyond. A gida kuwa an riga an wuce wurin: kiɗan ya yi sanyi ya koma rocksteady a 1966, ya koma rege wajen 1968, Buster kuma ya rage shiga ɗakin ɗaukar murya tun farkon shekarun 1970.

Sai dai wanda ya yi kukan an kwashe masa kaya, shi ma an kai shi gaban alƙali. A 1993 Shaggy ya sake rera Oh Carolina, ta hau matsayi na ɗaya a Ingila, kuɗi sunka fito, tambayar da ba wanda ya yi a 1960 ta taso: waƙar ta wa ce? A 1994 babbar kotun Landan ta ce ta John Folkes ce, ba ta Buster ba. Haka sana'ar take a wanga titi: mawaƙi ya karɓi ƴan kuɗinsa a hannu ranar ɗauka, mai faifai ya riƙe sauran, takarda kuwa babu. Makaɗa da yawa da sunka yi busar da ake ji har yau sun mutu ba su da komi.

Jamaika ta ba Buster lambar girma a 2001. Ya rasu a Miami ranar 8 ga watan Satumba 2016, shekara guda bayan UNESCO ta saka Kingiston cikin biranen kiɗa na duniya. Kantin lamba 127 ya daɗe da daina ciniki. Masu tara tsofaffin faya-fayai daga Japan da Turai kan zo su tsaya bakin ƙofar su ɗauki hoto, masu amalanke na yi musu tsawa su ba da hanya.