Tsohuwar majami'ar ƙauyen Eskom

Can arewacin ƙasar Ingila, cikin jihar Daram, akwai wani ƙauye ana ce mashi Eskom, kusa da gulbin Wiya. Ƙauyen ba shi da girma, amma yana da majami'a wadda ta fi shekara 1300 tana tsaye.

An gina ta wajen shekara ta 675. Kusa da wurin, a Bincesta, akwai kangon barikin sojan Rumawa. Daga can magina suka kwaso sassaƙaƙƙun duwatsu. Har yau a bangon arewa ana ganin wani dutse mai rubutun LEG VI, wato runduna ta 6. Maginin ya aza shi kai ƙasa, don shi bango yake so, ba karatu ba. A bangon kudu kuma akwai agogon rana, mai nuna lokacin addu'a da inuwa.

Ɗakin matsattse ne: tsawonshi wajen metir 13, faɗi metir 4 da ɗan kai, bango kuwa metir 7 sama. Mutum 65 kawai yake ɗauka.

Da aikin haƙar gawayi da na ƙarfe ya kawo baƙi, sai ɗakin ya yi ma jama'a kaɗan. A shekara ta 1863 suka gina sabuwar majami'a babba, suka juya ma tsohuwar baya. Ba a jima ba wani sashen rufin ya faɗi. Ginin da ya jure ma ruwa da sanyi shekara 1200, ƴan shekarun sakaci suka kusa gama da shi.

Sai masana tarihi suka gane darajarshi, aka tara kuɗi, aka gyara shi tsakanin 1875 da 1880. Daga baya masu zuwa ibada suka ragu, riƙon sabuwar majami'a ya fi ƙarfinsu. A 1971 aka rushe ta. Mutanen Eskom suka koma ɗakin kakanninsu, nan suke ibada har yanzu, baƙi kuma suna zuwa kallo daga nesa.

Da an bar shi ya zube, ina za su koma? Tsohon gini ba ya roƙon komi sai a toshe yoyo kafin damana. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.