Manomi da famfon keke

Wani manomi na kusa da Tasawa yana da keke. Wata rana da dare zazzaɓi ya kama ɗansa. Ya jawo keke zai kai shi likita, sai ya tarar taya ba iska. Ya ɗauko ƙaramin famfonsa, ya buga, ya buga, a banza. Dole ya goya yaron, ya tafi da ƙafa cikin duhu. Yaron ya warke, amma uban bai manta ba.

Da ya saida wake, sai ya nufi kasuwar Maradi neman babban famfo, wanda ake taka gindinsa da ƙafa, a buga da hannu biyu. Ya ga na roba mai ƙyalli, ga araha. Har ya sa hannu aljihu, wani mai gyaran keke ya ce:

«Malam, dakata. Bakin taya iri 3 ne: na keken gida, na babur mai kauri, da siriri. Gwada shi bisa kekenka. Toshe bakin tiyo da yatsa, ka danna. In iska ta turo hannunka, fatar ciki na da kyau.»

Ya gwada. Na roba ya zurma har ƙasa. Na ƙarfe ya turo shi. Ya cika kuɗi ya saye.

Yanzu yana ɗiga wa fatar mai, yana ajiye famfon cikin inuwa don kar rana ta tsage tiyo. Kowace safiya yana latsa taya, maƙwabta ma suna zuwa aro. Araha ba ta ado.