Jaki a Kan Goge, Doki a Kan Jita

Iyayenmu da suka taso daga ƙasar Hausa suka zauna a bakin Nilu sun zo da goge da garaya, kuma sun zo da sunayen sassansu. Ɗan itacen nan da ake kafawa a kan fatar goge, tsagiya ta bi ta kansa, jaki suke ce masa, domin shi ke ɗauke da kaya. Maƙwabtanmu Larabawa kuwa faras suke kiran takwaransa na jikin udu, wato doki. Harsuna biyu sun haɗu a kan abu guda: wannan ɗan guntu dabbar ɗaukar kaya ce.

Kunnen da ya saba da muryar A'ishatu Falatiya, 'yar Hausawan da ta shiga gidan rediyon Umdurman a farkon shekarun 1940, shi ne daga baya ya karɓi jita mai lantarki daga hannun Sharhabil Ahmad, haifaffen Umdurman a 1935, da matarsa Zakiyya. Daga nan jita ta shigo bukukuwanmu, yaranmu suka ƙware a kanta.

Jakin jita na ƙarfe ne, kuma aikinsa uku: riƙe tsirkiya, saita nisanta da wuyan jita, da daidaita tsawonta. Tun 1954 kamfanonin Fender da Gibson suka fito da irin wanda ake matsar da mazaunin tsirkiya gaba ko baya ta hanyar murɗa 'yar ƙusa. Gwajinsa sananne ne: a danna tsirkiya a gaɓa ta 12, in sautin ya haura yadda ya kamata, sai a ja mazaunin baya. Gumin hannu da ƙurar habub su ke cinye waɗannan ƙusoshi har su ƙi motsi.

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, kayan kiɗa da yawa sun salwanta tare da gidajen masu su. Waɗanda suka tsira sun sha ajiya, tsatsa ta kama su. Muna jin samari na cewa jitarsu ta mutu, alhali sau da yawa jakin ne kaɗai ya gaji.

Shawararmu ga masu neman sabo ta hannun 'yan'uwa a Alƙahira ko Jidda: tsada ba ita ce dacewa ba. A auna tazarar ramukan ƙusa da tazarar tsirkiya da tsirkiya kafin a aika kuɗi, musamman ga babbar jita mai kaurin murya, wadda tsirkiyoyinta suka fi ja. A kuma tabbatar an mayar da siririyar wayar da ke ƙarƙashin jakin, in ba haka ba lasifika za ta yi ta gurnani.

Wanda jita ce hanyar abincinsa, canjin jaki ya fi masa sauƙi da sayen sabuwa. Kada a yar da ita sai an duba.