ZAMAN ƊALIBI BAƘO A BIRNIN MOSKO

Kowace shekara, idan damina ta fara ja da baya a ƙasarmu, akan sami waɗansu samari da 'yan mata su ɗaure kayansu su nufi ƙasar Rasha neman ilmi, galibinsu a fannin likitanci da aikin injiniya. Wannan hanya kuwa ba yau aka fara bin ta ba. A shekarar 1960 ne Tarayyar Sobiyet ta kafa Jami'ar Abotar Al'ummai a birnin Mosko domin ɗaliban Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, a 1961 kuma aka sa mata sunan Patrice Lumumba, Firayim Ministan Kwango na farko, bayan an kashe shi. An cire sunan a 1992, sa'an nan aka mayar da shi a 2023. Haka kuma bayan da aka ƙulla yarjejeniyar gina masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta a 1979, 'yan Nijeriya da dama sun tafi ƙasar koyon aiki.

Iyaye in za su sallami ɗansu, abin da ya fi tsaya musu a rai shi ne sanyi. Suna da gaskiya, gama hunturun Mosko ba irin ɗarin da muka sani ba ne. Dusar ƙanƙara takan rufe gari tun daga wajen watan Nuwamba har zuwa Maris, akwai kuma ranakun da sanyi kan kai digiri 20 ƙasa da sifiri. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe tara na safe, ƙarfe huɗu na yamma kuwa ta faɗi. Watau ɗalibi ya fita aji cikin duhu, ya komo cikin duhu. To, amma wannan sanyi yana da magani. Mutum ya sayi kwat mai kauri, da hula mai rufe kunne, da takalmi mai gashi a ciki, shi ke nan. Ɗakuna kuwa da ɗuminsu, don akwai bututun ruwan zafi da ke zagaya kowane gini dare da rana. A ƙofar jami'a ma akwai wurin da ake karɓar kwat a ba mutum lamba, domin shiga aji da kwat rashin ladabi ne a wurinsu.

Akwai wani sanyin da kwat ba ya maganinsa, shi ne na fuskokin mutane. Bahaushe ya tashi a inda ba a wuce mutum ba sallama, a yi ina kwana, ina gajiya, ina aiki, yaya mutan gida, kafin a zo ga magana. Sai ga shi a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Mosko, wanda aka buɗe tun 1935, mutane maƙil, ba mai duban wani, ba mai cewa uffan. Ya yi wa mai kanti murmushi, ita kuwa ta dube shi kamar ta ce lafiya? Nan da nan sai ya ɗauka ƙinsa ake yi. Alhali kuwa Rashawa suna da wani karin magana mai nuna cewa dariya ba dalili alamar wauta ce. A wurinsu fara'a ta wanda aka sani ce, ba a rabon ta a kan titi. Haka nan tambayar lafiya, in ka yi wa Barashe ita, ya ɗauka da gaske kake son ji, yana iya zama ya zayyana maka damuwarsa tun daga tushe.

Mabuɗin wannan ƙofa shi ne harshe, shi ya sa shekarar farko takan tafi ne a ajin share fage, wanda ɗalibai ke kira “podfak”. Baƙaƙen Rashanci 33 ne, waɗansu kuma mayaudara ne, don sun yi kama da na boko amma ba haka ake karanta su ba. Abin da ka gani kamar P, shi ne R. Mai kama da H, shi ne N. Mai kama da C kuwa S ne. Saboda haka allon da baƙo zai karanta PECTOPAH, ashe “restoran” aka rubuta, watau gidan abinci. Daɗin daɗawa, kowane suna yana sauya ƙarshensa bisa ga matsayinsa a cikin jimla, matsayin kuwa har shida ne. Birnin kansa “Moskva” ne, amma in kana cikinsa sai ka ce “v Moskve”, in za ka can “v Moskvu”, in daga can ka fito “iz Moskvy”. Da wannan harshe ne ɗalibi zai karanta ilmin sassan jikin mutum ko lissafin gini bayan wata goma kacal.

Jarrabawarsu ma dabam take. A al'adar jami'o'insu, da yawa daga cikin jarrabawa da baki ake yi. Ɗalibi ya shiga ya zari takarda ɗaya daga cikin waɗanda aka kife a kan tebur, a ba shi ɗan lokaci ya shirya, sa'an nan ya zauna gaba da gaba da malami ya amsa. Maki 5 shi ne ƙololuwa, 2 kuwa faɗuwa. A nan babu wurin ɓuya ga wanda ya yi wasa da Rashanci. Malami kuwa ba a ce masa malam ko farfesa, sai a kira sunansa a haɗa da na ubansa, kamar dai yadda mu ke cewa wane ɗan wane, wannan shi ne girmamawa.

A gidan kwanan ɗalibai mutum biyu ko uku ne a ɗaki, madafa kuwa ta haɗaka ce. Nan za ka ga ɗan Nijeriya da ɗan Indiya da ɗan Siriya kowa da tukunyarsa, in ba su da harshen da ya haɗa su sai su yi da gurguwar Rashanci. Abincin ƙasar shi ne baƙin burodi, da dankalin Turawa, da miyar kabeji, da wani irin fate da su ke kira “kasha”, ga shayi ba dare ba rana. Yaji kuwa sai dai mutum ya taho da abinsa. Musulmi tilas ya koyi karanta kalmar naman alade tun makon farko, don yana shiga cikin abinci iri iri, ko da ya ke yanzu ana samun naman halal a kantuna da yawa, saboda Musulunci shi ne addini na biyu a ƙasar.

Sha'anin ibada yana bukatar shiri. Ɗalibi ba zai ji kiran salla daga ɗakinsa ba. Masallatan Mosko kaɗan ne. Babbansu, wanda aka fara ginawa a 1904 aka kuma sake buɗe shi a 2015 bayan an sake gina shi, yana ɗaukar mutum wajen 10,000, duk da haka ranar idi sai sahu ya malala kan tituna. A watan Disamba azahar da la'asar da magariba sukan taru cikin awa uku da rabi, duk a lokacin aji. Sa'ad da azumi ya faɗo a watan Yuni, kamar a 2016, an riƙa kai wajen awa 19 ba a sha ruwa ba.

Ba za mu ɓoye wa mai karatu ba, baƙar fata ya ga tasku a wannan ƙasa. A watan Disamba na 1963, bayan an tsinci gawar wani ɗalibi ɗan Gana, ɗaruruwan ɗaliban Afirka sun yi zanga-zanga a Jan Dandali, abin da ba a saba gani ba a zamanin Sobiyet. A watan Nuwamba na 2003 gobara ta tashi a gidan kwanan Jami'ar Abotar Al'ummai, ta ci rayukan mutum sama da 40, galibinsu sababbin zuwa. A shekarun 2000 kuma gungun matasa masu ƙin baƙi sun riƙa kai wa 'yan Afirka hari, har aka harbe wani ɗalibi ɗan Senegal a birnin Pitasbag a 2006. Bayan da yaƙin Yukren ya ɓarke a 2022, katin Visa da Mastercard na ƙasashen waje suka daina aiki a Rasha, aika wa yaro kuɗi daga gida ya zama jan aiki. A 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar dakatar da shirin ba da tallafin karatu da ta ke tura ɗalibai ƙasashe irin su Rasha a ƙarƙashinsa. Uban da zai tura ɗansa, lalle ya san ta inda guzuri zai riƙa isa gare shi tun kafin a sayi tikiti, ya kuma tabbata takardar shiga jami'a ce ta gaskiya, gama an sami rahotannin 'yan Afirka da aka yaudara da sunan karatu ko aiki suka tsinci kansu a masana'antar makamai ko a fagen fama.

Duk da haka, wanda ya yi haƙuri har bakinsa ya buɗe yakan ga wata Rasha dabam. Tsohuwar da ta tare shi a hanya tana faɗa, sai ya gane ashe cewa ta ke ya rufe kansa kada sanyi ya kama shi, kamar dai yadda kakarsa za ta yi. Ran da abokin karatu ya gayyace shi gida, zai tuɓe takalmi a ƙofa a ba shi silifa, a cika masa tebur har ya rasa na ɗauka. Sai dai ya kiyaye abu biyu: kada ya miƙa hannu a gaisa a kan dokin ƙofa, don suna camfa shi, in kuma zai kai wa uwar gida furanni, ya kai uku ko biyar, gama adadin da ya rabu biyu daidai na makabarta ne. Zai kuma yi mamaki in ya ji cewa an daɗe ana koyar da Hausa a jami'o'in Mosko da Pitasbag, har an buga ƙamus na Hausa da Rashanci tun 1963.

Saboda haka shawararmu ga mai niyyar tafiya ita ce, ya fara haddace baƙaƙen nan 33 tun yana gida, in ya isa kuma kada ya maƙale wa 'yan ƙasarsu kaɗai, ko da ya ke zama da su yana rage kewa. Hausawa sun ce zo ka ci tuwo ya fi tuwon daɗi, to, a ƙasar Rasha ba a yi wa mutum wannan kira sai ya iya amsa shi da harshensu. Allah ya kai 'ya'yanmu lafiya, ya komo mana da su da abin da suka je nema, amin.