Allurar da Gwaggo ta ƙi

Jama'a masu saurarenmu, yau ba ta rediyo zan yi muku magana ba, abin na gida ne.

Shekara shida gwaggona tana shan ƙwayoyin ciwon suga, diyabet ɗin nan da muke cewa. Bara likita ya duba analiz ɗinta, ya ce ƙwaya ta daina riƙe ta, sai allurar insilin. Ta ce atafau. Wai duk wanda ta sani da aka fara yi wa allurar nan bai daɗe ba. Wata huɗu tana shan jiƙe-jiƙe a ɓoye, har wani ɗan ciwo a yatsan ƙafarta ya ƙi warkewa. An yanke yatsan.

Abin da ya fi cin raina, ni da na yi lakkol na kasa ba ta amsa a lokacin.

Ashe insilin ba baƙo ba ne a jikinmu. Wata ƴar gaɓa da ke kwance bayan tumbi, pankireyas, ita ke yin shi. In ka ci tuwo ko ka sha fura, abincin ya koma suga a jini, insilin ne ke buɗe mata hanya ta shiga tsoka ta zama ƙarfi. In ya yi kaɗan, ko jiki ya daina jin maganarshi, sai sugar ta taru: ga ƙishirwa, ga yawan fitsari, ga rama, sannu a hankali ta taɓa ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa. Da ana shanshi, ciki zai narkar da shi kamar nama, shi ya sa sai allura. Tun 1922 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 ita a Toronto, ƙasar Kanada, ya kuwa tashi. Waɗanda Gwaggo ke lissafawa, da yawansu sai da ciwon ya gama ɓarna suka yarda.

Amma fa tsoronta ba na banza ba ne. In an yi allurar ba a ci abinci ba, suga na iya faɗuwa, mutum ya kama zufa da makyarkyata har ya suma. Sannan insilin ba ya son zafi, ku kuwa kun san Maradi a watan Afrilu, kun san yadda wuta ke ɗaukewa.

Yanzu ita ke yi wa kanta safe da yamma. Ƙwayar sukari uku na ƙulle a bakin mayafinta. In firigo ya mutu, kwalbar na cikin leda a jiƙaƙƙen yashin gindin randa.