Inji Ma Murhu Gare Shi

Mai karatu, ka san murhu. Duwatsu uku ne. In ɗaya ya gaza sauran tsawo, sai tukunya ta karkace, miya ta zube. Mai girki ba ta ganin laifin tukunya. Dutsen take gyarawa, ko ta cusa ɗan tsingaro ƙarƙashinsa.

To, injin mota ma haka yake zaune. A mafi yawan tsofaffin motoci masu ja da ƙafafun baya, wuri uku ke ɗauke da shi: ɗaya a hagu, ɗaya a dama, na ukun ƙarƙashin akwatin giya. Kowane mazauni roba ce mai kauri tsakanin ƙarafa biyu. Ita ke shanye rawar inji, kada ta bi jikin mota. Wani lokaci akan sa washa mai kauri ƙarƙashin mazaunin, don tsawo ya daidaita. Wannan washa ita ce tsingaron makanike.

Ni a Tasawa na koyi aikin mota, kuma a kan Peugeot na koya, wadda muke kira Fijo. A 1960 aka fara ƙera 404 a Faransa, 504 kuwa a 1968. Daga 1975 aka riƙa harhaɗa Peugeot a Kaduna, shi ya sa kayanta suka wadata a ƙasar Hausa. Kada ka raina ta don ka gan ta ɗauke da buhunan wake. A 1975 wata 504 ta ci babbar tseren Safari a Kenya, a 1978 kuma ƴar'uwarta mai ƙofa biyu ta sake ci. Yau a Turai masu sha'awa na adana irinta, suna sauke injinta, suna mayarwa. Mu nan Toyota ta yi yawa, Fijo ta ragu. Amma ƙa'idar zaunar da inji ɗaya ce, can da nan.

Injin fetur na 404 da 504 ba tsaye yake cak ba. A kishingiɗe aka ƙera shi, ya jingina gefe guda. Saboda haka ƙarfen mazaunin hagu daban, na dama daban. Kuma ido ba ya saurin gane inji ya karkace, tunda dama a karkace aka san shi.

Me ke faruwa in bai zauna daidai ba? Hanyoyinmu za su faɗa maka. Kwalta ta bi ta Tasawa, daga Maraɗi zuwa Damagaram. Amma in ka sauka ka nufi Urafan, ko Kanambakashe, ko ƙauyukan Gulbin Kaba wajen Mayahi, sai jar ƙasa da rairayi. Mota na tsalle, inji na tsalle cikinta. Robar da aka ɗaure a murɗe ba ta daɗewa, sai ta tsage. Inji ya zame, fanka ta taɓa lagireto, salansa ta riƙa dukan jikin mota, giya ta riƙa fita da kanta.

Na taɓa ganin haka da idona. Wata a-kori-kura ce, an yi mata aikin inji a wani gareji, aka mayar da shi cikin gaggawa don gobe kasuwa. Washa biyu na hagu suka ɓace cikin ƙasa, ba wanda ya kula. Tsakanin Mayahi da Tasawa fanka ta yanke lagireto, ruwa ya tsiyaye. Cikin fasinja har da mace mai naƙuda, za a kai ta asibiti. Sai da aka samo amalanke daga wani ƙauye. Allah ya kiyaye, ta sauka lafiya. Amma dubi abin da ya jawo wanga tashin hankali: ƙarfe biyu, kowane bai kai faɗin tafin hannun yaro ba.

Ga yadda maigidana ya koya mini, ni ma nake koya wa yarana.

Aikin mayar da inji tun ranar saukewa yake farawa. Kafin ka kwance, sa alama da alli ko fenti. Kayan hagu cikin gwangwani ɗaya, na dama cikin wani. Ƙidaya washa, ka rubuta adadinsu a jikin gwangwanin. Bayan kwana goma kai ya manta, rubutu bai manta ba.

Sa'an nan duba robobin. Wadda ta tsage, ko ta sha baƙin mai ta yi laushi, ta gama aiki, don mai yana cin roba. In za ka canza, canza hagu da dama tare. Tsohuwa ta riga ta lotsa, sabuwa na tsaye, ka ga inji zai jirkice. Na san kuɗi ne. A watan Janairu na 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje sun yi tsada ƙwarai, muka ga masu yanka tsohuwar taya suna cusawa. Taya za ta iya kai ka gida in ka lalace a daji. Ba ta zama mazauni.

Ranar mayarwa, a sauko da inji da sarƙa, sannu sannu. Kada kowa ya sa hannu ƙarƙashinsa. Bari sandar giya ta shiga tsakiyar kuloci da kanta. In ta ƙi, juya injin kaɗan da hannu, ka sake gwadawa. Kada ka ja shi da noti don ya shiga dole.

Yanzu ga babban zancen, ka riƙe shi da kyau. Kada ka ɗaure noti ko ɗaya sai duka sun shiga. Sa kowace washa inda ta fito. Sa kowane noti da yatsu, juyi uku ko huɗu, ka bar shi sako-sako. In rami bai haɗu da rami ba, ɗaga injin kaɗan da jak, amma ka sa katako tsakani don kada tukunyar mai ta lotsa. Ja ramin da ƙarfe mai tsini. Guduma ba ta da aiki a nan. Yaro mai ƙarfin hannu yakan ɗaure hagu tam tun farko, sa'an nan ya yi ta kokawa da dama. Ko ya ci nasara, robar a murɗe take.

In duka sun shiga, saki sarƙa, inji ya zauna da nauyinsa. Girgiza shi da hannu, ya nemi wurinsa. Sai ka ɗauki sifana: kaɗan a hagu, kaɗan a dama, kaɗan a baya, ka sake zagayowa har su ɗauru.

Kafin ka tada mota, juya fanka da hannu, ka ga ba ta kusa da lagireto. Leƙa ƙasa, ka ga tukunyar mai ba ta taɓa ƙarfen shasi. Kada ka manta wayar nan mai kauri da ke haɗa inji da jikin mota. Roba ba ta wuce wuta, in babu wayar, mota ba za ta tashi da daɗi ba. Bayan tafiyar kwana biyu ko uku, a dawo a sake taɓa notocin.

Kai kuma mai mota, ko direba, in makanike ya ce ka ƙara masa rabin yini, ba shi. Sannu ba ta hana zuwa. Tsaya kusa, ka tambaye shi washa nawa ya cire, nawa ya mayar. Makaniken kirki ba ya fushi da wagga tambaya. Gwangwanin zai nuna maka, ka gan shi wayam.